Babi na Biyar: Filayen Daga na Ƙasar Sakkwato, Daga Surame Zuwa Satiru

Baƙon da ya zo Sakkwato ziyara, wurare uku aka fi kai shi: Hubbaren Shehu, fadar Sarkin Musulmi, sai manyan masallatan Juma'a biyu, na Shehu da na Bello. Idan ya yi addu'a a Hubbare, ya ga dogarai a ƙofar fada, sai ya koma gida da zaton ya ga tarihin Sakkwato. Ya ga wani yanki nasa, mai daraja kuwa. Amma birnin kansa yaro ne a cikin biranen ƙasar Hausa. A 1809 Muhammadu Bello ya kewaye shi da ganuwa, lokacin da Kano da Katsina suka riga suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa. Abubuwan da suka haifi Sakkwato suna can waje, a bakin tafkuna da kufai da gonaki, inda mutane suka tsaya da kwari da baka, wasu suka ci nasara, wasu suka kwanta dama.

Wannan babi zai bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya. Sai dai mai karatu ya riƙe a ransa cewa iyakokin yau ba su san wannan tarihi ba. An kafa Jihar Sakkwato a 1976, aka yanke Kebbi daga jikinta a 1991, aka yanke Zamfara a 1996. Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, tana cikin Jamhuriyar Nijar. Gwandu da Alwasa suna Jihar Kebbi. Duk wanda ya ce zai tsaya a kan iyakar jiha, labarin zai tsere masa.

Surame: birnin dutse

Shekara ɗari uku kafin jihadi, ƙasar nan ta riga ta ga sarki mai ƙarfi. A wajajen 1516 Muhammadu Kanta, wanda ya taya Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, ya ɓata da shi a kan rabon ganima, ya ɓalle ya kafa daular Kabi. Songhai ta turo runduna, ba ta iya tanƙwara shi ba. Borno ma ta gwada, suka kara, ba ta rushe abin da ya gina ba. Daula ce da ta tsaya tsakanin manyan ƙasashe biyu na zamaninta, ɗaya a yamma ɗaya a gabas, ta hana kowaccensu haɗiye ta.

Babban birnin Kanta shi ne Surame, wanda kufansa yake yammacin Sakkwato, a yankin Binji da Silame. Abin da ya bambanta shi da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne kayan gini. Ganuwar Kano da ta Zariya da ƙasa aka yi su, ta Surame kuwa da duwatsu aka jera ta, layi bayan layi, tare da gwalalo a bayanta. Labarin baka yana cewa Kanta ya tara ma'aikata daga ƙasashen da ke bin sa, kuma da Nufawa suka makara sai ya hana su ruwa, ya ce su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya. Ko an ƙara wa labarin gishiri, yana nuna yadda jama'a suka tuna da ikon mutumin da kuma tsananinsa.

A farkon ƙarni na 18 Kabawa suka bar Surame suka koma Birnin Kebbi, daji ya rufe birnin. Bello da kansa ya ambaci waɗannan kufai a littafinsa Infaƙul Maisuri, yana jinjina girman aikin, alhali Kabawa abokan gabarsa ne a fagen fama. A 1964 gwamnatin Nijeriya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su. Duk da haka, ɗaliban Sakkwato nawa ne aka taɓa kai su su dafa duwatsun nan da hannunsu?

Alƙalawa da Degel: fada da makaranta

Bayan Kabi ta yi rauni, Zamfara ta ɗaga kai, bayan Zamfara sai Gobir. Gobirawa sun gangaro ne daga arewa, suka zauna a ƙasar Zamfara a matsayin baƙi, har Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a wajajen 1760, ya mai da Alƙalawa, a bakin gulbin Rima, babban birninsa. A nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, sarkin da har yau Gobirawa ke alfahari da sunansa.

A ƙarƙashin wannan mulki ne wani malami ya tashi a Degel, ƙauyen da ke yankin Gwadabawa a yau. Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, ya zaga Kabi da Zamfara, yana karantar da maza da mata da Hausa da Fulfulde. Lokacin da Bawa ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla ya raba musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Sarakunan da suka biyo bayansa sun ga jama'ar tana ƙaruwa har ta zama kamar wata daula a cikin daula. Nafata ya yi shela ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai, ya hana ɗan da ubansa ba Musulmi ba ne shiga Musulunci, ya hana rawani da lulluɓi. Da Yunfa ya hau, rundunarsa ta faɗa wa Gimbana, garin almajirin Shehu mai suna Abdussalami, ta kwaso mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga ranar babu sauran zama.

Gudu da Tafkin Kwato

A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, can gefen yammacin ƙasar Gobir. A nan, a gindin wata bishiyar faru, jama'a suka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Ƙanensa Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, sai ɗansa Bello. Malamai da makiyaya da manoma suka wayi gari sun zama mayaƙa.

Ranar 21 ga Yunin 1804 aka haɗu a Tafkin Kwato, kusa da Gudu. Yunfa ya zo da barade masu lifidi, da Azbinawa a kan raƙuma, da kayan sansani irin na sarkin da ya tabbata zai ci nasara. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi, dawakinsu ba su wuce ashirin ba; ƙarfinsu yana ga 'yan baka. Dawakin Gobir sun ture ɓangaren dama da na hagu har suka cure da na tsakiya, amma tsakiyar ta ƙi motsi. Curewar nan ita ta taimake su, domin doki ba ya iya ratsa mutanen da suka dunƙule suna ruwan kibau. Da rana ta yi, rundunar Gobir ta watse, Yunfa ya tsere, ya bar dawaki da kaya. Marubutan jihadi sun kwatanta ranar da ta Badar.

Amfanin nasarar ya wuce ganimar da aka samu. Labari ya bazu ƙasar Hausa cewa an karya Gobir a fili, waɗanda ke jiran su ga inda iska za ta kaɗa suka fara shigowa. Daga Magabci, kusa da Yabo, Shehu ya aika wa sarakunan Hausa wasiƙu yana bayyana dalilinsa.

Tsuntsuwa da Alwasa: ranakun baƙin ciki

Masu ba da labarin jihadi a taruka sukan yi tsalle daga Tafkin Kwato zuwa faɗuwar Alƙalawa, kamar babu komai a tsakani. A tsakanin nan kuwa akwai shekara huɗu na yunwa da ciwo da kaye.

A ƙarshen 1804 jama'a suka matsa kusa da Alƙalawa da niyyar cin birnin. Abinci ya yi ƙaranci, mutane suka bazu ƙauyuka nema. A wannan hali Gobirawa da Azbinawa suka auka musu a Tsuntsuwa, 'yar tafiya kaɗan daga birnin. Littattafan jihadi sun ce kimanin mutum 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Ga jama'ar da aka gina a kan karatu, wannan asara ta fi ta dawaki da makamai ciwo. Waɗanda suka maye gurbinsu ba duka ne suka zauna a gaban Shehu a Degel ba, kuma ba duka ne suka shigo don abin da ya kira mutane a kai ba.

An ga alamar haka a shekarar da ta biyo. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, jama'a suka koma Gwandu. Da rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Kabawa da Azbinawa ta nufo su, mayaƙan Shehu suka fita tarye, amma a hanya suka wawashe Kwalde, garin da ke zaman amana da su. Abdullahi da Bello suka yi ƙoƙarin hana su, har ransu ya shiga haɗari. Kwanaki kaɗan bayan haka aka karya su a Alwasa, aka kashe kimanin mutum 1,000. Sauran suka koma Gwandu, wadda ko ganuwa ba ta da ita a lokacin, suka tsaya a bakin duwatsunta har suka kori abokan gaba.

Ta yaya muka san duk wannan? Su da kansu suka rubuta. Abdullahi a Tazyinul Waraƙati da Bello a Infaƙul Maisuri ba su ɓoye kaye ba, ba su kuma ɓoye laifin mutanensu ba. Abdullahi ma ransa ya ɓaci da son duniyar da ya gani a cikin rundunar, har ya bar ta ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya komo. Shugabannin da suka iya faɗin gaskiya a kan rundunarsu suna tsakiyar yaƙi sun bar mana ma'aunin da ya kamata mu riƙa ba da tarihinsu da shi.

Faɗuwar Alƙalawa da zamanin ribaɗi

A watan Oktoban 1808 Bello, tare da Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo da Namoda na Zamfara, suka ci Alƙalawa. Yunfa ya mutu yana faɗa, jarumansa na kewaye da shi. Shehu ya zauna a Sifawa, a yankin Bodinga, yana karantarwa da rubutu. A 1812 ya raba kula da ƙasa: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. A 1815 ya koma Sakkwato, ya rasu a 1817.

Yaƙi bai ƙare da rasuwarsa ba. Abdussalami, mutumin da aka fara rikicin saboda garinsa, ya yi tawaye a Kware yana ganin an tauye masa haƙƙi. Wasiƙun da suka yi musaya da Bello suna nan, kuma ƙarshensa ya mutu da raunin da ya samu bayan an ci garin a 1818. Gobirawa ma ba su miƙa wuya ba. Sai a 1836, a Gawakuke, Bello ya karya haɗin gwiwar Gobir da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka faɗi. Ragowar Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda ke Nijar a yau, daga baya wani reshensu ya kafa Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa.

Dabarar Bello ta tsare ƙasa ita ce ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da makiyaya, a ba su gona, a buɗe makaranta da kasuwa. Mafi shahara shi ne Wurno, inda ya zauna da kansa, ya rasu a 1837, kabarinsa yana can. A Wurno ne matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Garuruwa da dama da ke gabas da arewacin Sakkwato sansanin tsaro ne asalinsu, mazaunansu na yau jikokin masu gadin iyaka ne.

Giginya, 1903

Ƙarni ɗaya bai cika ba bayan Gudu sai wata runduna ta daban ta iso. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoban 1902, Attahiru ɗan Ahmadu ya gaje shi. Kano ta faɗi hannun Turawan Ingila ranar 3 ga Fabrairun 1903. A Sakkwato shawara ta kasu uku: a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a yi hijira. Ba a gama yanke magana ba Nasara suka iso.

Ranar 15 ga Maris 1903 aka ja daga a filin Giginya, a bayan ganuwar birni ta kudu. Sojojin Kanar Morland ba su kai dubu ba, akasarinsu ma 'yan ƙasa ne, Turawa 'yan kaɗan ke ba su umarni. Amma suna da igwa da bindiga mai ruwa. Dawakin da suka saba rufe tazara da sukuwa ba su ko isa kusa ba. Kafin hantsi ya ɗaga an gama. Abin da Turawan da kansu suka rubuta da girmamawa shi ne 'yan tsirarun da suka kewaye tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gudu, ɗaya na faɗuwa ɗaya na ɗauka, har suka ƙare.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Waziri Buhari ya komo da jama'ar da suka taru a Marnona, ya yi sulhu, daga baya ya rubuta risala yana bayyana cewa ya yi haka ne don kada addini da mutane su salwanta. Gwamna Lugga ya tabbatar da Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi ranar 21 ga Maris. Attahiru na farko kuwa ya nufi gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi, a ƙasar Gombe, ranar 27 ga Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har yanzu. Wanda ya zauna da wanda ya tafi, kowannensu ya kafa hujja da littafi, kuma bai dace mu da muke zaune lafiya mu yi gaggawar yanke wa ɗayansu hukunci ba.

A yau sunan Giginya yana kan barikin soja da filin wasa da otal. Birni ya haɗiye filin, masu wucewa ta wurin kullum ba su san a kan me suke tafiya ba.

Satiru, 1906

Yaƙi na ƙarshe shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa. Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar kamar kilomita 22, mazaunansa talakawa ne da malaman karkara da bayin da suka gudo. Sun ƙi biyan haraji, suna jiran bayyanar Mahadi. Jagoransu Malam Isa ne, tare da wani malami da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya tsero daga yankin da Faransa ke mulki bayan wani tawaye a can.

Ranar 14 ga Fabrairun 1906 mukaddashin Razdan Hillary ya tafi da sojan doki don ya kama shugabanninsu. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanya da 'yan kibau, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Turawa ba su taɓa shan irin wannan kaye a Arewa ba. Sarkin Musulmi da manyan hakimansa suka tsaya tare da gwamnati, domin su ma suna ganin tawayen barazana ne ga tsarin da suke kai. Ranar 10 ga Maris aka komo da babbar runduna. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka hana sake zama a wurin. Ɗan Makaho an yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato.

Bayan Satiru Turawa suka ƙara tabbata cewa mulkinsu ba zai zauna ba sai da sarakuna, sarakuna kuma suka ga matsayinsu ya dogara da zaman lafiya da Turawa. Tsarin mulkin da Arewa ta zauna a kai har zuwa 1960 a nan ya daɗa kafuwa. Wanda bai san Satiru ba, akwai abin da ba zai fahimta ba game da zamanin En'e.

Abin da ya rage a wuyanmu

Kabawan Surame, Gobirawan Alƙalawa, mahaddatan Tsuntsuwa, masu tutar Giginya da talakawan Satiru duk kakannin mutanen jihar nan ne, jikokinsu suna auren juna, suna sahu ɗaya a masallaci. Tarihin da ya ɗauki wasu ya zubar da wasu ragagge ne, kuma ya saɓa wa yadda Bello da Abdullahi suka rubuta nasu. An yi sa'a rubutun yana nan. Nana Asma'u ta bi tafiyar mahaifinta Shehu zango-zango a waƙe, Waziri Gidado ya rubuta abin da ya gani, Waziri Junaidu ya tattara ya adana, kuma cibiyar tarihi da ke ɗauke da sunansa a Sakkwato tana riƙe da takardu da kayan yaƙi na wancan zamani.

Wuraren ne ke cikin haɗari. Ruwa da garma suna cin kufai, ana kwasar duwatsun tsofaffin ganuwowi a yi gini, dattawan da suka san inda kowane abu ya faru suna ƙarewa. Rashin tsaron da ya addabi gabashin jihar ya sa zuwa Alƙalawa ya zama abin tunani, ga mai bincike da ɗan makaranta baki ɗaya.

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Gwamnatin jiha da majalisar Sarkin Musulmi su sa a auna kowane fili a shata iyakarsa, a kafa allo da Hausa da ajami da Turanci mai faɗin abin da ya faru da shekarar da ya faru. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tura ɗalibanta su naɗi muryoyin dattawan Gudu da Sabon Birni da Wurno tun suna raye. Malaman makaranta su kai yara wurin da ya fi kusa da su, ko da sau ɗaya ne a shekara. Kai kuma mai karatu, idan garinku yana da kufai ko tsohuwar ganuwa ko wani fili da tsofaffi ke kira fagen yaƙi, je ka tambayi wanda ya fi kowa shekaru a unguwarku, ka rubuta abin da ya faɗa maka, ka ajiye wa 'ya'yanka.